Tun Ran Gini, Ran Zane: Cijewar Aiki da Mafitarta a Bangayen Fagge

Duk mai son nazarin fasahar sassaƙa a ƙasar Hausa, matsalar suna ce za ta fara tare shi. A bakin Bahaushe, masassaƙi shi ne mai gizago, wanda ke fitar da turmi da taɓarya da akushi da allo daga jikin icce, kuma kyan aikinsa a wurin amfani ake auna shi. Amma mutumin da ke ɗaukar abin da ya raya a zuci ya ba shi jiki mai tudu da kwari, har rana ta buga shi ya yi inuwa, ba a rumfar masassaƙa ake samunsa ba. A kan tsani yake, a jikin bangon zaure, hannunsa dumu-dumu da laka. Shi ne magini mai zane, kuma ba a banza ba harshe ya haɗa shi da mai yin tukwane a suna ɗaya, domin dukkansu biyu ɗanyar ƙasa suke sarrafawa. Wannan maƙala za ta dubi yadda tunani ke girma a hannun irin wannan magini, da abin da yake yi sa'ad da aiki ya cije masa. An ɗauki Fagge da maƙwabciyarta Sabon Gari a Kano don yin wannan nazari, saboda a irin waɗannan unguwanni ne, cikin ƙarni na 20, sana'ar ta gamu da cijewar da ba ta taɓa gamuwa da irinta ba.

Idan manazarta fasaha na Turai suka yi zancen cijewar aiki, galibi toshewar basira suke nufi, watau mai fasaha ya zauna da kayan aikinsa amma tunanin ya ƙi nuna. Misalinta sananne shi ne na Auguste Rodin. A shekarar 1880 gwamnatin Faransa ta ba shi aikin wata babbar ƙofa ta tagulla, wadda aka sani da Ƙofar Jahannama. Ya yi ta ƙari yana ragi, yana ciro siffofi daga jikinta yana mai da su ayyuka masu zaman kansu, har ya mutu a 1917 ba a zuba ta a tagulla ba. Shekara 37 ke nan aiki yana jiran mai shi. Maginin Hausa bai taɓa samun wannan sarari ba. Da rani ake gini, bayan an kau da amfanin gona, kuma tilas a rufe aiki kafin ruwa ya sauka. Mai gida yana zaune a dakali yana kallo, 'yan unguwa suna wucewa suna tofa albarkacin bakinsu, laka kuwa tana bushewa. Karin maganar nan da ke cewa tun ran gini ran zane, wadda yanzu aka fi jinta a zancen tarbiyyar yara, asalinta bayanin sana'a ne tsantsa. Idan ƙasa ta bushe ba ta karɓar yatsa. Saboda haka cijewar magini ta lokaci ce kafin ta zama ta basira, kuma duk wanda ya karanta bangayen Hausa bai lura da wannan ba, zai yaba abin da bai kamata ya yaba ba, ya kushe abin da ya cancanci uzuri.

Daga ina tunanin yake zuwa?

Jama'a sun daɗe da ba da tasu amsa. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim (1834 zuwa 1846), labarin baka ya ce da dare yake aikinsa, kuma ba a raba gwanintarsa da taimakon mutanen ɓoye. Har akwai ruwayar da ke cewa wani sarki ne ya sa aka kashe shi don kada ya gina wa wani abin da ya fi nasa. Irin waɗannan labarai yabo ne, amma yabo ne mai rufe ido, domin suna ɗauke aikin daga hannun mutum su ba aljani. Turawan farko da suka rubuta a kan ginin Hausa su ma sun ɗauke shi daga hannun mutum, sai dai su al'ada suka ba, kamar dai bango ne ke zana kansa bisa gadon kaka da kakanni. Hamman Tukur Sa'ad, a kundin digirinsa na uku da ya gabatar a Jami'ar Michigan a 1981, da kuma rubutunsa na baya a kan matsayin gwani a tsakanin magina, shi ne ya tsaya tsayin daka a kan cewa akwai mutum ɗaya mai suna da zaɓi da ɗanɗano a bayan kowane gini na kirki. Wannan maƙala a kan wannan turba take.

In an bar aljani da al'ada gefe aka dubi bangon kansa, ana iya ganin yadda tunanin ke tafiya. Daga ƙofar zaure yake farawa. Ita ce abin da magini bai zaɓa ba, ya tarar da ita ne, da faɗinta da tsayinta da inda ta faɗo a jikin bango. Sai ya kewaye ta da layi mai kauri, ya ɗora wani a kansa, sa'an nan ya dubi filin da ya rage tsakanin ƙofa da rawanin soro da zankwaye. Wannan fili shi ne tambayar da aka yi masa. Ba kasafai yake zama daidai ba: taga ta kan ci gefe ɗaya, indararo ya faɗo inda ba a so, bangon maƙwabci ya yanke kusurwa. Abin da yake da shi na amsawa kaɗan ne, amma mai yalwar haihuwa. Akwai da'ira, da layi mai lanƙwasa, da takobi, da sandar girma, sa'an nan uwa uba dagi.

Dagi ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin shi ne makarantar tunanin magini. Layi ɗaya ne da ke bi ta kan kansa ya bi ta ƙarƙashin kansa, sau ɗaya sama sau ɗaya ƙasa, har ya koma inda ya taso. Idan aka kuskure tsallake ɗaya, ƙullin ba zai rufu ba, kuma ko yaro zai ga aibin. Amma ana iya ja masa tsawo ya cika siririn fili a gefen ƙofa, ana iya murɗa shi ya zauna a kusurwa, ana iya haɗa biyu ko huɗu su haifi wani sabo. Watau ƙa'idarsa tsattsaura ce, siffarsa kuwa sakakkiya. Magini da ya ƙware a dagi ba ya tsayawa gaban fili yana jiran wahayi. Yakan sa layi ya fara tafiya, ƙa'idar sama da ƙasa ta riƙa gaya masa inda zai bi, shi kuma yana yanke shawarar inda zai tsaya. Rabin tunanin a hannu yake, shi ya sa ba a san maginan gargajiya da zana fasalin aiki a takarda ba. Wannan ƙulli kuma ba na magina ne su kaɗai ba. Yana jikin babbar riga, yana jikin aikin dukawa, yana cikin zayyanar allo. David Heathcote, wanda ya yi nazarin ɗinkin Hausa a Zariya, ya kuma shirya nunin fasahohin Hausa a London a 1976, ya nuna irin zumuncin da ke tsakanin adon tufafi da sauran sana'o'in. Daga bisani, zamanin Sardauna, dagi ya zama tambarin Jihar Arewa, abin da ya ƙara masa daraja ya kuma rage masa 'yanci, don tun daga nan aka fara yi masa kallon hatimi mai siffa guda.

Ƙasa kuma tana da wata falala da ke sassauta ƙuncin lokaci: tana yafiya. Abin da ya bushe ana iya jiƙa shi, a kankare, a sake. Ginin ƙasa dama yana bukatar yaɓe bayan 'yan damuna, kuma kowane yaɓe dama ce ta gyara tunanin bara. Misali mafi bayyana yana ƙauyen Yama, a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar. Magini Falke Barmu ya gina masallacin garin a 1962, gini sassauƙa ba wani ado. A 1975, da aka tashi gyara, ya koma masa da bakan gizo da tulluwa, sa'an nan ya bi kusurwoyinsa huɗu da hasumiyoyi, kowace da tata siffa, har aka kammala a 1982. A 1986 aka ba ginin lambar yabo ta Aga Khan. Shekara 20 tunani yana nuna, amma ba a rufe masallacin ana jiran basirar magini ba, ana salla a ciki tunanin yana girma a jikinsa. Ƙasa ce ta ba da wannan dama. Magini mai aiki da ita, idan abu ya cije masa bana, yana iya rufe fili da abin da ya sawwaƙa, ya bar sauran zuwa wani rani.

Fagge, da zuwan siminti

Fagge a wajen ganuwa take, tsakanin Birni da Sabon Gari. Tun kafin zuwan Turawa zango ce ta ayarin fatake da raƙuman Buzaye. Bayan cin Kano a 1903, da isowar jirgin ƙasa a 1911, da bunƙasar cinikin gyaɗa da ta biyo baya, sai unguwar ta sami kanta a tsakiyar sabuwar dukiya. A gefe guda ga kantunan Kwarori, a ɗaya gefen ga Sabon Gari, wadda aka yanka wajen 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwa baƙi, akasarinsu daga Kudu. Mazaunin Fagge Bahaushe ne ko wanda ya rikiɗe Bahaushe, amma ba ya ƙarƙashin idon tsofaffin gidajen Birni, inda tsayin zanko da yawan ado ke da iyakar da mutum ba ya tsallakewa sai da dalili. A da, mafi kyawun zane a cikin ɗaki yake, a fada da masallaci da turakar manya. Fitowarsa fili a fuskar gidan ɗan kasuwa, yadda mai wucewa zai gani ya san an samu, galibi abin ƙarni na 20 ne, kuma irin wannan ne A. H. M. Kirk-Greene ya rubuta a kai game da Zariya a 1963, F. W. Schwerdtfeger kuma ya bi shi da dogon nazari a 2007.

Sabon Gari ita ce ƙofar da sababbin kayan gini da sababbin hannaye suka fi shigowa ta cikinta: birkiloli, da kafintoci, da masu fenti, da kwano, da siminti. Da fari daga ƙetare ake kawo siminti, sai a 1957 aka buɗe masana'antarsa a Nkalagu, ta Sakkwato kuma ta fara aiki a 1967. Mai gida yana da hujjarsa ta son sa. Makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, tana kare bango amma sai an riƙa sabunta ta. Laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, ya fi ta ƙarko, amma aikinsa da yawa. Siminti ya yi alkawarin a yi sau ɗaya a huta.

Ga magini kuwa, wannan shi ne cijewar. Siminti yana fara kamawa cikin 'yan sa'o'i, a zafin Kano da busasshiyar iskar hunturu ma ya fi haka sauri, kuma idan ya kama ya kama ke nan, ruwa ba ya dawo da shi. Yana cin fatar hannu, saboda haka yatsan da ya saba bin layi yana jin laushin ƙasa dole ya ja baya, ƙarfe ya shiga tsakani. Ba ya son a tara shi da kauri a jikin bangon ƙasa, domin nauyinsa zai ɓamɓare shi. Ke nan abubuwan da tunanin magini ya dogara a kansu, watau taɓawa da kauri da damar sakewa, duk an karɓe su a lokaci guda, karin maganar gini da zane kuwa ta ƙara tsanani: yinin da ake da shi ya koma sa'o'i. Ba basirarsa ce ta toshe ba. Harshen da yake tunani da shi ne aka sauya masa yana tsakiyar magana.

Mafitar da aka samu ita ce a bar ɗorawa a koma tsagawa. Sai a shafe bango da siminti marar kauri, tun yana ɗanye a bi shi da bakin ƙarfe a tsaga layi, a kankare bayan zanen kaɗan don ya fito. Wannan ya tilasta wa magini abin da bai saba ba, watau ya gama tunaninsa kafin ya taɓa bango, ya kuma rarraba fuskar gida gida-gida, yana gama ɗaya kafin ya kwaɓa na gaba. Duk wanda ya lura da bangayen wannan zamani zai ga yadda suka cika da firam-firam, kowane da abin da ke cikinsa. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin sabon salo da aka zaɓa don ƙawa. Ya fi kama da sawun lokaci: kowane firam gwargwadon abin da hannu zai iya gamawa ne kafin kwaɓi ya kama. A nan kuma zaman Fagge unguwar teloli da 'yan tufafi ya yi rana, domin mai ɗinkin riga ya riga magini sanin yadda ake tsara ado a shimfiɗe, a zana shi tukuna sa'an nan a bi da zare. Zanen siminti ya fi kusa da gaban riga fiye da yadda zanen laka ya taɓa kasancewa.

An yi hasara, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Zanen laka da inuwa yake rayuwa. Da hantsi yana da fuska ɗaya, da la'asar yana da wata, domin tudunsa mai kauri ne, gefensa kuma mai laushi, rana tana zagaya shi. Tsagin siminti ba shi da zurfin da zai riƙe inuwa, da tsakar rana ma sai ya kusa ɓacewa. Wannan rashi ne ya kira fenti. Inda aka yi amfani da launi biyu ko uku don a raba zane da bayansa, fenti ya yi aikin da inuwa ke yi a da, kuma ana iya karɓarsa. Inda aka ba kowane lanƙwasa nasa launi, kore da ja da shuɗi da rawaya, an yanka dagi gunduwa-gunduwa, idon mai kallo ba ya iya bin layin daga farko zuwa ƙarshe, alhali bin layin shi ne dukan daɗin dagi. Da yawa daga bangayen da masu ɗaukar hoto suka fi so, saboda hasken launinsu, su ne mafi rauni ta fuskar tsari.

Amma ribar da aka samu ta wani gefen ba ƙarama ba ce, kuma a nan ne gwanintar ta fi fitowa. Tsagi da bakin ƙarfe yana iya fitar da siririn layi da yatsa ba zai iya ba, sai ga sababbin abubuwa sun hau bango a Kano da Zariya: keke, da agogo, da mota, da bindiga, da jirgin sama, wanda Kano ta fara ganin saukarsa a 1925. An sha fassara wannan da cewa tallar arziki ce kawai, mai gida yana nuna abin da ya mallaka ko yake buri. Haka ne, amma bai ƙare nan ba. Malaman mazhabar Malikiyya sun tsananta a kan surar abu mai rai idan cikakkiya ce mai inuwa, zanen magini kuwa mai inuwa ne. Saboda haka ƙofar da mai sassaƙa na wata ƙasa zai bi idan siffofinsa sun ƙare masa, watau ya koma ga jikin mutum da na dabba, a ƙuntace take ga maginin Hausa. Kayan zamani sun buɗe masa wata. Jirgin sama yana da fiffike da wutsiya amma ba shi da rai. Keke yana da motsi ko da ba a ɗora masa mahayi ba. Agogo yana da fuska. Magini ya sami hanyar zana duniyar da ke wucewa ta ƙofar gida ba tare da ya shiga hurumin da ake ƙyama ba.

A nan ma sai an tantance. Keken da ya yi kyau a bango shi ne wanda magini ya gane cewa da'ira biyu ne da 'yan layuka a tsakani, watau dangin abin da hannunsa ya riga ya sani, ya sa ƙafafunsa suka yi amsa-amo da sauran da'irorin da ke kewaye da ƙofa. Irin wannan keke ya zama ɗan gida. Wanda bai yi kyau ba shi ne wanda aka kwaikwayo daga allon talla irin na kantunan Sabon Gari, da sarƙarsa da ƙararrawarsa da komai, aka liƙa shi a tsakiyar fili ba ruwansa da abin da ke gefensa. Na farko ya warware cijewar, na biyu ya kewaye ta ne kawai, ko da yake shi ya fi burge yara.

Yana da amfani a kwatanta da abin da ya faru a Kudu da wannan kaya dai. Adebisi Akanji na Oshogbo birkila ne shi ma kafin ya zama mai fasaha. Da ya haɗu da Susanne Wenger a aikin raya wuraren bauta na kurmin Osun, sai ya riƙa ɗaure ƙarfe da waya ya yi ƙashi, ya ɗora siminti a kai, ya tayar da siffofi masu tsayuwa da kansu. Ya magance rashin haƙurin siminti ta hanyar ba shi abin da zai kama. Maginin Fagge yana ganin irin wannan dabara a maƙwabtansa, a ginin majami'u da benayen Sabon Gari, amma bai bi ta nan ba, saboda abin da za a tayar ɗin ba shi da mazauni a fuskar gidan Musulmi. Akanji ya fitar da siminti daga bango, shi kuwa ya ƙara shigar da zane cikin bango. Ba za a ce ɗaya ya fi ɗaya basira ba, sai dai Akanji ya sami masu rubuta sunansa tun yana aiki, kurmin Osun kuma ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2005, yawancin masu zanen Fagge kuwa sunayensu ba su bi bangayensu zuwa cikin littattafai ba.

Alkawarin da siminti ya yi ma bai cika ba. Shi da bangon ƙasa ba sa miƙewa da tsukewa tare, sai ya tsage, ruwa ya shiga ta baya, ƙasar ta jiƙe a ɓoye, wata rana fuskar ta zubo falle guda. Zanen laka yakan dushe a hankali, ana ganinsa ana yi masa yaɓe. Na siminti yakan tsaya garau har ranar da zai faɗi, kuma idan ya faɗi ba a gyara shi, domin mai gida a lokacin ya fi son ya rushe ya sa bulo. A Fagge akwai ƙarin matsi na kasuwa: kusancinta da Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari ya sa filin gida ya fi gidan daraja, zauruka da yawa sun zama shaguna da ɗakunan ajiyar kaya. Zanen da ya fi yawa a Kano yanzu shi ne na fenti a kan shafaffen bulo, a ƙofofin fada da ɗakunan taro da otal-otal, inda ake auna dagi da ma'auni a maimaita shi sau goma ba bambanci. Mai yin sa ba ya tseren bushewar komai, yana iya sauka daga tsani ya dawo gobe ya tarar da bango yadda ya bar shi. Mai son ganin zanen da aka yi tun ƙasa tana ɗanya sai ya nufi Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa, ya shiga daga ciki, ya kuma daidaici sa'ar da haske ke shigowa ta ƙofa a karkace.